TARIHIN HAJIYA BARMANI COGE: GWANAR RAHA DA HABAICI

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ce ɗalibin Hausa ya lissafo gwanayen barkwanci na ƙasar Hausa, sunayen da za su fara zuwa bakinsa su ne Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero da Karkuzu da Rabilu Musa Ibro. In kuwa ya ɗan yi nisa a nazarin adabin baka, sai ya ƙara da 'yan kama da 'yan gambara. Da wuya ka ji an ambaci mace ko ɗaya, sai ka ce mata ba su san dariya ba. Alhali kuwa duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san cewa da zarar maigida ya sa ƙafa waje, tsakar gida takan koma dandalin raha da habaici da kwaikwayo. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa masu karatun wannan mujalla tamu tarihin wata baiwar Allah da ta shafe shekara 40 tana sa matan Arewa dariya a kan abubuwan da suka isa su sa su kuka, wato marigayiya Hajiya Sa'adatu Ahmad, wadda duniya ta sani da Barmani Coge.

Haihuwarta da Sunayenta

An haifi Sa'adatu a ƙauyen Gwaigwayi da ke ƙasar Funtuwa a cikin shekarun 1940. Funtuwa gari ne na auduga da jirgin ƙasa, wanda ya tara baƙi daga ko'ina: fatake da 'yan kwadago da direbobi da makaɗa. Mu mutanen Kafanchan mun san irin wannan gari, domin namu ma jirgin ƙasa ne ya raya shi tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927. Garin da ya tara baƙi yakan kasance da sakin baki da yawan ba'a, kuma yaron da ya tashi a cikinsa kunnensa kan cika da salon magana iri-iri. Bugu da ƙari, har zuwa 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, Funtuwa da Kafanchan a jiha ɗaya suke, don haka ba laifi in mun ce Barmani tamu ce.

Sunayen nan biyu da ta shahara da su abin lura ne ga mai nazari. Barmani suna ne na gargajiya irin wanda Hausawa kan laƙaba wa yarinyar da aka samu bayan uwa ta sha binne 'ya'ya, kamar dai roƙo ne ake yi a bar mata wannan. Shi kuwa Coge, masu tarihinta sun bayyana cewa ta samo shi ne tun tana yarinya, saboda yadda take kwaikwayon tafiyar wani mai ɗingishi har mutane su yi ta dariya. Ke nan suna ɗaya ya fito daga zullumi, ɗaya kuma daga wasa, kuma a tsakanin waɗannan biyun ta yi rayuwarta da sana'arta.

Aurenta da Fara Waƙa

An yi mata aure tana da kimanin shekara 15, kamar yadda aka saba yi wa 'yan matan zamaninta. Mijin nata makaɗin garaya ne, kuma maimakon ya hana ta waƙa sai ya ƙarfafa mata gwiwa. Wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, domin mata da yawa masu irin baiwarta aure ne ya rufe musu baki. Allah ya ba su haihuwa har 12, kuma suna tare har ya rasu a 1991.

A 1973 ne ta ɗauki kiɗan amada a matsayin sana'a. Amada kiɗa ne na mata zalla da ake yi da ƙorai. Akan kifa wasu a ƙasa, a kifa wata a cikin masaki mai ruwa don ta ba da amo mai zurfi, sai mata su zauna suna bugawa da 'yan sanduna, jagora tana bayarwa 'yan amshi suna karɓa mata. Wurin yin sa shi ne cikin gida, ranar biki ko suna, inda namiji baligi ba ya shiga. Kafin Barmani, wadda ta yi fice a wannan fage ita ce Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano, wadda ta rasu a 1983. Barmani ta bi sawunta, amma ta ƙara wa kiɗan gishirin da ya sa ya fita daga tsakar gida ya shiga faifai da kaset da gidajen rediyo, har ya kai ga manyan dandalin taro.

Tushen Raharta

Barmani ba daga sama ta faɗo da barkwancinta ba. Al'adar Bahaushe, duk da tsananin kunyar da ta ɗora wa mace, ta bar mata wasu ƙofofi na numfashi. Akwai wasan jika da kaka, da na taubasai, da na mace da ƙannen mijinta, ban da wasan garuruwa da ƙabilu irin na Kanawa da Zagezagi ko Fulani da Barebari. Akwai kuma waƙoƙin daka da na niƙa, inda mace kan aika wa kishiya ko uwar miji saƙo ba tare da ta kama suna ba. Ko a littafin Baba ta Karo, tsohuwar nan da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga shi da Ingilishi a 1954, mai karatu zai ga yadda waɗannan wasanni suka cika rayuwar matan da. Abin da Barmani ta yi shi ne ta tattaro wannan gado da ke warwatse a bakin turmi da murhu, ta tsara shi, ta sa masa kiɗa da amshi, ta mayar wa masu shi.

Jigogin Waƙoƙinta

Babban jigon da aka fi saninta da shi shi ne kishi. Babu abin da ke cin zuciyar matar Bahaushe kamar ranar da aka ce maigida zai ƙaro aure, kuma al'ada ta ce ta danne, ta yi fara'a, ta ma taya shirin biki. A waƙoƙinta na kishiya, Barmani takan tsaya a matsayin uwargidan da aka yi wa amarya, ta fito da duk abin da ke cikin irin wannan zuciya, ta zuzuta munin kishiyar da sharrinta har abin ya wuce hankali ya koma ban dariya. A nan gwanintar take. Matar da ta zo biki da ƙunci a ranta za ta ji an faɗi abin da ba ta isa ta faɗa ba, a gaban jama'a, kuma ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, tunda waƙa ce. Sai ta tashi ta taka rawa, ta yi liƙi, ta koma gida da sauƙin zuciya.

Jigo na biyu shi ne haihuwa. A al'adance, macen da ta yi gwarne, wato ta samu ciki tana goyo, abin tsegumi ce a unguwa, har takan ji nauyin shiga taro. Barmani, wadda ita kanta ta san daɗin haihuwa da wuyarta, ta yi wa masu gwarne waƙa ta musamman, ta juya abin gorin ya koma abin tinƙaho. Wanda ya riga ka yi wa kansa dariya ya ƙwace makamin da za ka soke shi da shi, kuma wannan dabara ce da ta koya wa mata ba tare da ta hau mumbari ba.

Na uku shi ne sana'a, kuma a ganina nan ne ta fi yi wa mata aiki. A Waƙar Sakarai da sauran irinta, ta sa macen da ke zaune ba ta da abin yi a gaba da zambo, mai jiran miji ya ba ta kuɗin sabulu da na anko, mai yawon aro a maƙwabta. Ta yi ta kiran mata su kama ƙuli-ƙuli ko fura ko kitso ko saƙa, kome ƙanƙantar abin. Shekarar da ta fara waƙa, 1973, ita ce shekarar da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, kuma roƙon Allah ya ba mata nairori na cikin abin da ta shahara da shi. Tun kafin Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, Barmani ta daɗe tana wannan wa'azi da ƙwarya. Bambancin kawai shi ne nata ba a ofis ake yin sa ba, kuma mai saurare ba ta jin ana yi mata faɗa, domin tana cikin dariya saƙon ke shiga.

Sai kuma jigon da ya fi jawo mata surutu, wato jikin mace. Waƙar Ɗuwaiwai ita ce shahararriya a nan, inda ta yi wasa da abin da kunya ta hana a ambata, ta nuna wa mace cewa halittarta abin alfahari ce kuma tana da tasiri a gidan aurenta.

Suka da Martani

Ba kowa ne ya yi na'am da ita ba. Wasu malamai da magidanta sun ɗauki waƙoƙinta a matsayin batsa, har akwai gidajen da ba a yarda a sa kaset ɗinta. Sai dai ya kamata a tuna cewa asalin waɗannan waƙoƙi na taron mata ne, inda tsofaffi ke koya wa amare zaman aure da irin wannan harshe tun kaka da kakanni. Na'urar ɗaukar magana ce ta kai su kunnen da ba don shi aka yi su ba.

Akwai wata sukar da na fi ɗauka da nauyi, wadda wasu 'yan uwana ɗalibai mata kan yi. Suna cewa Barmani ta sa mace ta yi wa mace dariya, ta bar maigidan da ya haddasa kishin yana gefe ba ta taɓa shi sosai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. Amma abin da na gani da idona a gidan da na tashi a Kafanchan ya sa nake kallon abin ta wata fuska. Mahaifiyata da abokiyar zamanta kan yi kwana biyu ba sa ga maciji, amma da an sa kaset ɗin Barmani ana tsintar shinkafa, sai ka ga kowace tana satar kallon 'yar uwarta, wannan ta ce da ke ake, waccan ta ce a'a da ke dai, har dariya ta ƙwace musu gaba ɗaya. Kishiyar cikin waƙar ta yi munin da babu wadda za ta yarda ita ce, don haka sai su haɗu su biyu su yi mata dariya. Sau da yawa a nan gabar take mutuwa, ba tare da an kira kowa sulhu ba.

Haka kuma mu a wannan yanki mun ga tashin hankali a 1987 da 1999 da 2011, inda aka rasa rayuka da dukiya ta kowane ɓangare. Na halarci wani biki watanni kaɗan bayan rikicin 2011, cikin matan da suka taru har da waɗanda jarinsu ya ƙone a kasuwa. Da aka kifa ƙorai aka ɗauko waƙoƙin Barmani na sana'a, waɗannan matan ne suka fi kowa rawa da shewa, suna tsokanar juna a kan wadda za ta riga mayar da jarinta. Dariyar ba ta dawo musu da ko kwabo ba, amma ta ba su ƙarfin fita neman wani.

Matsayinta a Adabi

Idan ana maganar mata masu alƙalami a Hausa, akan fara da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, a gangaro kan su Hauwa Gwaram, sannan marubuta ƙagaggun labarai irin su Hafsat Abdulwaheed mai So Aljannar Duniya da Balaraba Ramat Yakubu mai Alhaki Kuykuyo Ne. Yawancin waɗannan wa'azi da soyayya da matsalolin aure suka sa gaba, kuma cikin natsuwa suka yi. Fagen raha kuwa Barmani ce ta riƙe shi. Gaskiya ne ba da biro ta tsara nata ba, amma duk abin da ake nema wurin marubucin barkwanci tana da shi: ƙirƙirar taurari irin su sakarai da kishiya da mai gwarne, da kambamawa, da sanin daidai inda za a saki magana ta faɗa. Masana sun fara ba ta haƙƙinta, musamman Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi rubutu a kan rayuwarta da fasaharta. Sauran aikin namu ne mu ɗalibai, musamman wajen zaɓen batun kundin kammala karatu.

Rasuwarta

Barmani ba ta ajiye ƙwarya ba har ƙarfinta ya ƙare. Ciwo ya kama ta a ƙarshen 2012, ta yi jinya ta 'yan watanni, sannan Allah ya karɓi abinsa ranar Asabar 2 ga Maris, 2013, a Funtuwa. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa.

Kammalawa

A taƙaice, wannan shi ne tarihin Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, matar da ta ɗauki kishi da talauci da gori ta mayar da su abin rawa. Kirana ga 'yan uwana ɗalibai shi ne, kowa ya koma gida hutu ya zauna da kakarsa ko gwaggonsa, ya ɗauki waƙoƙin daka da habaice-habaicen da suka rage a bakinsu, domin injin niƙa ya kusa raba mu da turmi, kuma akwai Barmani da yawa da ba su samu mijin da ya bar su suka yi waƙa ba. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata kurakuranta, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.