Taƙaitaccen Tarihin Burt Munro, Gwanin Gyaran Injin Babur

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike a garin Lafia ya ga yadda ake kwance injin babur, a rarake silinda, a sa sabon fistan domin ƙarfinsa ya dawo. Wannan ɗan rubutu zai kawo tarihin wani mutum da ya shafe fiye da shekara 40 yana irin wannan aiki a kan babur ɗaya tak.

Haihuwarsa

An haifi Herbert James Munro, wanda aka fi sani da Burt, a ranar 25 ga Maris, 1899, a yankin Invercargill da ke kudancin ƙasar Niyu Zilan. Ya tashi a gidan noma, daga baya ya yi sana'ar sayar da babura.

Aikinsa

A shekarar 1920 ya sayi babur ƙirar Indian Scout mai inji cc 600, wanda iyakar gudunsa bai kai kilomita 90 a awa ba. Daga 1926 ya fara sauya masa fasali. Da yake ba mai kuɗi ba ne, da hannunsa yake ƙera kayan gyara. Yakan narka ƙarfe ya zuba fistan, ya kuma sassaƙa sandar da ke haɗa fistan da kurankishaf daga tsohon ƙarfen mota. Ya ɗauke bawul daga gefen silinda ya mayar da su sama, domin iska da mai su riƙa shiga da sauri. Sannu a hankali ya faɗaɗa injin har ya kai cc 950. Daga baya ya lulluɓe babur ɗin da wani kwanso mai siffar kifi don kada iska ta tare shi. Sau da yawa injin yakan fashe, shi kuwa sai ya tattara ya sake ƙerawa.

Nasarorinsa

Munro ya riƙa tsallaka teku da babur ɗinsa zuwa filin gishiri na Bonneville a jihar Utah ta Amurka, inda ake gwada gudun ababen hawa. A 1962 ya kafa tarihi da gudun kilomita 288 a awa. A watan Agustan 1967, yana da shekara 68, babur ɗin kuma na da 47, ya yi gudun fiye da kilomita 295 a awa a rukunin injinan da ba su kai cc 1,000 ba. Duk wannan ya yi shi ne yana fama da ciwon zuciya.

Rasuwarsa

Ya rasu a ranar 6 ga Janairu, 1978. A 2005 aka fitar da fim a kan rayuwarsa mai suna The World's Fastest Indian, inda Anthony Hopkins ya fito a matsayinsa.

Kammalawa

Rayuwar Munro ta nuna cewa sanin inji da haƙuri sun fi tsadar kayan aiki, kuma rashin jari bai hana bakanike shahara. Sai dai matasanmu masu ƙara wa babur wuta su lura: a filin da aka keɓe, gaban masu auna gudu, ya kafa tarihinsa, ba a titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta ba.