Janar Murtala Ramat Muhammad: Sojan da ya ƙi rakiya

An haifi Murtala Ramat Muhammad a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa a yau, sannan ya sami horon hafsoshi a Sandhurst ta Ingila. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, kuma a yaƙin basasa shi ya jagoranci Runduna ta Biyu. A ƙarƙashinsa dakarun suka ƙwato Benin, amma kisan fararen hula a Asaba cikin Oktoban 1967 ya zama tabon da tarihi bai goge wa rundunar ba.

A ƙarshen Yulin 1975 aka ɗora masa shugabancin ƙasa bayan kifar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Ya tarar da jiragen siminti jibge a tashar Apapa, aikin gwamnati kuma ya yi sanyi. Nan take ya ɗaura ɗamarar gyara. An sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin rashawa, lalaci ko gazawa. Ma'aikata suka koma isa ofis a kan lokaci, sai dai guguwar ta haɗa da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, har wasu masana na ganin tun daga nan ma'aikaci ya daina sakankancewa da kujerarsa.

Ya tsayar da 1 ga Oktoba, 1979 domin miƙa mulki ga farar hula. Ya mara wa MPLA baya a Angola duk da matsin Amurka. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976 ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya kuma amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta mayar da babban birnin tarayya Abuja.

Halinsa na gudun alfarma ne ya buɗe wa makasa ƙofa, domin ba ya yawo da jerin gwanon motoci ko jiniya. Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, sojojin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta suka buɗe wa motarsa wuta cikin cunkoson Legas, yana hanyar Barikin Dodan. Tare da shi aka kashe dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Shekarunsa 37, mulkinsa bai kai wata bakwai ba. An yi masa sutura a Kano.

Bai ga ko tubalin farko na Abuja ba, amma a inuwar shawararsa ma'aikatan tarayya ke zaune yau. Allah Ya jiƙansa.