Secondo Pia, Mai Ɗaukar Hoton da Aka Ƙaryata Shekara 33

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda babu wani tsohon hoto rataye a bango ko ajiye a ƙasan akwati, ko na ranar baftisma, ko na ɗaurin aure, ko na wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka girma a garuruwa irin su Sukuntuni da Kankiya da Kusada kafin zuwan wayar hannu za su tuna da mai hoto, yadda yakan zo bisa keke ko babur da kyamara rataye a wuya, ya jera mutane, ya ɗauka, ya tafi da fim birni a wanke, sai bayan mako ɗaya ko biyu ya komo da hotuna cikin ambulan. Ba shi da albashi, ba shi da ubangida, abin da hannunsa ya samo shi ne abincin iyalinsa. Aikinsa yana hannunmu har yau, amma sunansa yawancinmu mun manta. Tunawa da irin waɗannan bayin Allah ce ta sa muka ga ya dace mu kawo muku tarihin wani ɗan Katolika mai ɗaukar hoto na ƙasar Italiya, wanda hoto guda ya jawo masa suna da zargi a lokaci ɗaya. Sunansa Secondo Pia.

An haife shi ran 9 ga Satumba, 1855, a garin Asti da ke lardin Piemonte a arewacin Italiya. Babban birnin lardin shi ne Turin, inda Waliyi Yohanna Bosco ya yi aikinsa cikin samari marasa galihu. Pia ya yi karatun shari'a ya zama lauya, har ya taɓa hidimar jama'a a majalisar gari, amma tun yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai zuciyarsa ta karkata ga ɗaukar hoto. Yana da abin hannunsa, saboda haka bai dogara ga hoto don ci da sha ba kamar masu hotonmu. Inda ya yi kama da su shi ne, ba wanda ya ɗauke shi aiki, shi ke sayen kayansa, shi ke zaɓen inda zai tafi, in an sami kuskure kuma a wuyansa yake.

A wancan zamani ɗaukar hoto aikin ƙarfi ne. Kyamara babban akwatin katako ce mai ƙafafu uku, ba a kuwa ɗauka a kan fim, sai a kan farantin gilashi da aka shafa wa magani mai jin haske. Gilashin yana da nauyi, yana kuma fashewa da ɗan kuskure kaɗan. Da irin waɗannan kaya Pia ya yi shekaru yana bin ƙauyuka da tsaunukan Piemonte, yana ɗaukar hoton tsofaffin majami'u, da bagadai, da zanen waliyai da ke jikin bango, da gine-ginen sarakunan da. Ya tara hotuna dubbai, da yawa daga cikinsu suna ajiye a gidajen adana tarihi na Turin. Ta wurin wannan aiki na yau da kullum, wanda babu tafi babu kirari a cikinsa, aka san shi a matsayin mutum mai natsuwa wanda ya san haske ya kuma san gilashi.

A babbar majami'ar Waliyi Yohanna Mai Baftisma da ke Turin akwai wani ƙyallen lilin mai tsawon kusan mita 4.4 da faɗin mita 1.1, wanda ake kira Likkafanin Turin. A jikinsa akwai alamar mutum, gaba da baya, dishi-dishi kamar tabon ruwan goro da ya daɗe, da alamun bulala a baya, da raunuka a hannu da ƙafa da haƙarƙari. Bishara ta shaida mana cewa Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe jikin Ubangijinmu da lilin, Bitrus da Yohanna kuma sun tarar da lilin ɗin a kabari da safiyar tashin matattu. Masu bi da yawa sun daɗe suna girmama wannan ƙyalle a kan shi ne wancan. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, an nuna shi a ƙauyen Lirey na Faransa a tsakiyar ƙarni na 14, ya shiga hannun gidan sarautar Savoy a 1453, gobara ta taɓa shi a Chambéry a 1532, aka kawo shi Turin a 1578.

A shekarar 1898, wato shekara biyar kafin Turawa su ci Kano, aka shirya bikin cikar majami'ar shekara 400, aka kuma yanke shawarar fito da likkafanin jama'a su gani daga 25 ga Mayu zuwa 2 ga Yuni. Ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Sarki Umberto na Ɗaya, wanda likkafanin ke hannun gidansa, ya yi ta ɗari-ɗari kafin ya yarda, daga bisani aka danƙa aikin ga Pia, yana da shekara 42.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An rataye likkafanin can sama da bagade, sai da aka kafa dakalin katako aka ɗora kyamara a kai. Cikin majami'ar da duhu, dole aka nemi fitilun lantarki biyu, a lokacin da lantarki kansa baƙon abu ne kuma haskensa ba ya tsayawa daidai. Gwajin farko, ran 25 ga Mayu, bai yi kyau ba saboda matsalar fitilun. Ya komo da daren 28 ga Mayu, bayan an sallami jama'a, ya tarar an sa wa likkafanin kariyar gilashi wadda ke mayar da haske, ya sake gyara tsayuwarsa. Ya ɗauka a kan manyan farantai masu santimita 50 da 60, ɗaya ya bar shi buɗe minti 14, ɗaya minti 20. Wajen tsakar dare ya shiga ɗakin wanke hoto.

A nan sai mu tuna da abin da masu hotonmu ke kira nagatif. Duk wanda ya taɓa ɗaga wankakken fim ya duba a rana ya san kome a juye yake fitowa: farar riga ta zama baƙa, baƙin gashi ya zama fari fat, fuskar da ka sani ta koma kamar ta dodo. Sai an buga a takarda kamanni ke komowa daidai. Abin da Pia ke sa ran gani ke nan. Amma da ya ɗaga farantin daga ruwan magani, sai ga fuskar mutum sarai, idanu a rufe, da gemu, da kumburi a kunci, cikin natsuwar wanda ya sha wuya ya huta. Nagatif ɗin ne ya fito kamar cikakken hoto, abin da ke nuna cewa alamar da ke jikin ƙyallen ita kanta a juye take, kamar nagatif. Daga baya ya ba da labari cewa jikinsa ya ɗauki rawa har farantin ya kusa suɓuce masa. A zuciyarsa ya gaskata fuskar Ubangijinsa yake kallo.

Cikin watan Yuni jaridu suka baza labari, har da jaridar fadar Paparoma. Murna ba ta daɗe ba sai zargi ya biyo baya. Waɗansu suka ce ya taɓa farantin da alkalami, waɗansu suka ce kuskuren haske ne, waɗansu kuma suka ce ɗan koyo ne wanda bai san aikinsa ba. Masu shakka ba a waje kaɗai suke ba. Wani firist Bafaranshe masanin tarihi, Ulysse Chevalier, ya fito da tsofaffin takardu, ciki har da wasiƙar da wani bishop ya rubuta a 1389 yana cewa zanen hannu ne. A ɗaya gefen kuma, a 1902, wani masanin halittu mai suna Yves Delage, wanda ba mai bi ba ne, ya tsaya gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa ya kāre hotunan, shi ma ya sha suka.

Abin da ya fi yi wa Pia nauyi shi ne, ba shi da hanyar wanke kansa. Da aka gama biki aka naɗe likkafanin aka kulle, ba a sake fito da shi ba har shekara 33. Ba wani mai hoto da zai iya zuwa ya gwada ya ce gaskiya ne ko ƙarya. Shaidarsa ɗaya ce, cewa bai ƙara kome ba kuma bai rage ba, a kanta ya tsaya. Ya rubuta bayanin yadda ya yi aikin dalla-dalla don masu sana'a su auna, sa'an nan ya ci gaba da yawon ɗaukar hoton majami'u kamar da. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙazafi a kasuwa ko a unguwa, ya kwana ya tashi da shi ba mai share masa hawaye, ya san nauyin wannan kaya.

A watan Mayu na 1931 aka sake fito da likkafanin, don taya murnar auren yarima Umberto. Aka ba wani ƙwararren mai hoto na Turin, Giuseppe Enrie, wanda sana'ar ce abincinsa, izinin ɗauka da kayan aiki da suka fi na da, a gaban shaidu. Pia yana wurin, tsoho ɗan shekara 75. Da aka wanke, fuskar nan ta sake fitowa, har ta fi ta farko bayyana. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Allah ya ja kwanansa ya ga ranar da idonsa, ya ƙara shekara goma, ya rasu ran 7 ga Satumba, 1941, saura kwana biyu ya cika 86.

Wajibi ne mu ma mu faɗa muku sauran labarin ba tare da ragi ba. A 1983 likkafanin ya koma mallakar Paparoma bisa wasiyyar Umberto na Biyu. A 1988 aka yanki ɗan ƙyalle aka aika wa ɗakunan bincike uku, a Oxford da Zurich da Arizona, don auna shekarunsa. Suka ce an yi lilin ɗin tsakanin 1260 da 1390, Babban Bishop na Turin, Kadinal Ballestrero, shi da kansa ya sanar da sakamakon. Akwai masana da ke jayayya da inda aka yanki ƙyallen, kuma har yau ba a daidaita a kan yadda alamar ta hau jikinsa ba. Ikilisiya ba ta wajabta wa kowa gaskata cewa shi ne likkafanin Yesu ba. Waliyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wata biyu bayan ya zo Nijeriya ya ɗaga Fada Tansi zuwa matsayin mai albarka, ya je Turin a watan Mayu na 1998 ya yi addu'a a gabansa, ya bar wa masana kimiyya batun shekarunsa, ya kira masu bi su dube shi su tuna da shan wuyar Kristi. Bangaskiyarmu tana tsaye ne a kan tashin Ubangiji da shaidar manzanni. Ko da wane zamani aka saƙa ƙyallen, gaskiyar Pia tana nan, gama abin da aka zarge shi da shi, wato ha'inci, bai yi ba.

Ikilisiya ba ta sa sunansa cikin waliyai ba, mu ma ba mu kawo shi a kan waliyi ba. Mun kawo shi ne a kan ma'aikaci wanda ya kiyaye doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, a cikin sana'ar da ƙarya ke da sauƙin yi. Mutane sun ce gani ya kori ji, saboda haka mai hoto shaida ne, abin da ya nuna ana karɓa ba musu. A yau kusan kowa a cikinmu ya zama mai hoto, tun da kyamara tana cikin waya. Ana iya sauya fuska, ana iya ɗauko hoton gawarwakin wata ƙasa a ce a ƙauyen maƙwabta abin ya faru jiya. A ƙasa irin tamu, inda Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, har ma uwa ɗaya uba ɗaya, hoton ƙarya guda ya isa ya tayar da gobarar da ruwa ba ya kashewa. Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba ya sa hannu cikin shaidar zur, ko da ba shi ya ƙirƙira ba.

Ga 'ya'yanmu masu neman abinci da kyamara muna cewa, sana'arku mai daraja ce. Ku cika alkawari, kada ku karɓi kuɗin mutane hotuna su maƙale, kada ku fallasa asirin gidan da aka amince muku kuka shiga, in kuma kuna aiki a lokacin Hadaya Mai Tsarki ku tuna a gaban wa kuke tsaye. Sauran jama'a kuma, mu biya mai hoto hakkinsa a kan kari, gama shi ma yana da bakunan da ke jiransa a gida. Wanda kuma ke ɗauke da zargin abin da bai aikata ba, ya tuna da tsohon nan na Turin, ya riƙe gaskiyarsa, ya ci gaba da aikinsa.

Ubangiji ya ji ƙan bawansa Secondo Pia da dukan masu hoton da suka bar mana fuskokin iyayenmu, ya kuma kai mu ranar da za mu ga fuskarsa ido da ido. Amin.