Jorj Fedo: ya sa Faransa dariya kan aure, nasa auren kuwa ya mutu

 Yau za mu leƙa ƙasar Faransa domin kawo muku rayuwar Jorj Fedo, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Georges Feydeau. Shi ne gwanin teyatur na ban dariya a zamaninsa, irin wasan da ake ginawa kan miji da mata, da cin amanar aure, da ƙaryar da ke haifar wata ƙarya. Alƙalaminsa ya kawo masa suna da dukiya mai yawa, amma ya ƙare ba gida, ba mata, ba lafiya.

An haife shi a birnin Paris ranar 8 ga Disamba 1862. Mahaifinsa, Ernest Fedo, marubuci ne da ya yi suna da wani littafin soyayya mai suna Fanny a 1858, kuma yana harkar kuɗi a kasuwar hannun jari. Mahaifiyarsa asalinta ƴar ƙasar Polan ce, kyakkyawa wadda manyan gari suka sani. Saboda haka tun yana yaro ake ta tsegumi a Paris cewa ubansa na gaskiya shi ne Sarki Napoleyon na 3 ko kuma ɗan'uwan sarkin, Duk na Morni. Wato zancen zargi cikin aure, a gida ya fara jin sa. Mahaifin ya rasu a 1873, Jorj yana ɗan shekara 10.

Bai daɗe a lakwal ba, hankalinsa na kan dandali. A 1882 aka nuna ɗan gajeren wasansa na farko, kana a ƙarshen 1886 ya ci kasuwa da Tailleur pour dames, wato Telan mata. Labarin wani likita ne mai aure da ya kama hayar ɗaki don ganawa da matar wani. Ashe ɗakin tsohon shagon ɗinki ne. Da mijin matar ya rutsa su, sai likita ya ce ai shi tela ne. Daga nan fa dole ya riƙe wannan ƙarya, masu kawo ɗinki na shigowa, ga surukarsa, ga matarsa.

Bayan wannan nasara sai kasuwa ta juya masa baya. Wasannin da ya biyo da su ba su samu karɓuwa ba. A 1889 ya auri Mari-An, ɗiyar Karolus Duran, wani shahararren mai zanen hotunan manya, mai abin hannunsa. Wannan aure ya ba shi sararin dakatar da rubutu, ya zauna ya yi nazarin aikin magabata irin su Labish da Heneken, kamar yaron shago da ya koma ya sake koyon ciniki daga tushe. A 1892 ya dawo da ƙarfinsa da Monsieur chasse da kuma Champignol malgré lui, wanda ya rubuta tare da abokinsa Moris Debaliyer, aka nuna shi sama da sau 400. Sai L'Hôtel du libre échange a 1894, Le Dindon a 1896, da La Dame de chez Maxim a 1899, wadda ta fi duk sauran jawo jama'a a rayuwarsa.

Domin gane dalilin da ya sa irin wannan wasa ya shiga ran Faransawa, sai a duba yadda aurensu yake a lokacin. Doka mace ɗaya ta yarda wa namiji. A gidajen masu hali, iyayen amarya ne ke ba da dukiya ga ango, don haka aure kan zama ciniki tsakanin gida biyu. An hana saki a ƙasar tun 1816, sai a 1884 aka dawo da shi, kuma ko bayan nan abin kunya ne. Maza da yawa na ajiye farka a ɓoye, suna kare mutuncinsu a fili. Waɗannan mutane su ne ke sayen tikiti, su zo su yi wa kansu dariya.

Ka'idar aikinsa mai sauƙin faɗa ce: in akwai mutum biyu da bai kamata su haɗu ba ko kaɗan, sai ya gaggauta haɗa su. Kuma ba ya barin komai ga sa'a. Yana rubuta wa ƴan wasa inda kowace ƙofa take, inda za a ajiye hula ko wasiƙa, da lokacin da wane zai shiga wane ya fita. Abin da aka ajiye a farkon wasa, shi zai tona asiri a ƙarshe.

A duba La Puce à l'oreille na 1907, wato ƙuma a kunne, karin maganar Faransawa ga wanda zargi ya shiga ransa. Wata mata ta buɗe ƙunshin da aka aiko wa mijinta daga wani otel mai mummunan suna, ta tarar da igiyar wando irin wadda ake ratayawa a kafaɗa. Don ta gwada shi, ta sa ƙawarta ta rubuta masa wasiƙar soyayya ba suna, ana gayyatarsa otel ɗin. Mijin, shugaban kamfanin inshora, bai da laifin komai, ɗan ɗan'uwansa ne ya ari igiyar ya manta ta can. Ya ɗauka kuskure aka yi, ya tura abokinsa, ya kuma nuna wasiƙar ga mijin ƙawar, mutum mai zafin kishi da ke yawo da bindiga, wanda nan take ya gane rubutun matarsa. Kowa ya ɗunguma otel, inda akwai wani boyi mashayi mai kama da mijin kamar an tsaga kara. Ɗan wasa ɗaya ke fitowa a matsayin su biyun. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Fedo kan sa mutanensa su yi ta gudu a ciki har ƴan kallo su riƙe ciki.

Sai dai mutumin da ya iya lissafin kowane taku a dandali bai iya lissafin aljihunsa ba. Dare yake rayuwa. Yana da teburinsa a gidan cin abinci na Maxim's, inda yakan zauna har asuba yana kallon mutane. Yana caca, yana kuma zuba kuɗi a kasuwar hannun jari, asara na bin asara. Ya tara zane-zane masu daraja na masu fasahar zamaninsa, amma a 1901 bashi ya tilasta masa kai sama da 100 gwanjo.

Gida ma ya ƙi daɗi, ko da yake sun haifi ƴaƴa huɗu. A watan Satumba 1909, bayan wata babbar rigima da matarsa, ya kwashe kayansa ya sauka a otel Terminus kusa da tashar jirgin ƙasa ta San Lazar, da niyyar ƴan kwanaki. Shekara 10 ya yi a can. A 1916 kotu ta raba auren.

A waɗannan shekaru salonsa ya canza. Ya koma rubuta gajerun wasanni da babu otel a cikinsu, sai miji da mata a ɗaki suna cacar baki kan abin da bai taka kara ya karya ba. A On purge bébé na 1910, wani mai masana'antar tangaran na neman kwangilar sayar wa sojojin Faransa fo da ya ce ba ya fashewa. Ranar da babban baƙon da zai sa baki ya zo cin abinci, fon ya tarwatse a gwaji, matar gida kuma ta hana kowa sakat saboda ɗansu ya ƙi shan maganin wankin ciki. Ciniki ya lalace. Ana dariya, amma mai aure ya san akwai ɗaci a ciki.

A 1919 ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ƴaƴansa suka kai shi gidan jinya a Ruwey-Malmezon, kusa da Paris. Can ya rasu ranar 5 ga Yuni 1921 yana da shekara 58, aka binne shi a maƙabartar Monmartir.

Bayan mutuwarsa an ɗan manta da shi, masana na ganin aikinsa shashanci ne kawai. Amma a 1941 babban gidan teyatur na ƙasa, Comédie-Française, ya karɓi ɗaya daga cikin gajerun wasanninsa, ya kuma nuna Le Dindon a 1951. Har yau ana nuna wasanninsa a Faransa da wajenta cikin harsuna daban-daban. Ɗan kasuwa zai lura cewa ba rashin ciniki ya kayar da Fedo ba. Abin da ya shigo ta ƙofar teyatur ne ya fita ta teburin caca. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.