Ernst Hartert (1859–1933): Masanin Tsuntsayen da Ya Ratsa Ƙasar Hausa da Hunturu

Gabatarwa

Manazarta tarihin ƙasar Hausa sun fi sanin Paul Staudinger, marubucin Im Herzen der Haussaländer (1889), fiye da abokin tafiyarsa Ernst Hartert. Amma kuwa Hartert ne ya sa ido ga tsuntsayen ƙasar, aikinsa kuma ya zama ginshiƙi ga masu nazarin tsuntsayen Turai da Afirka.

Tashinsa da Zuwansa Ƙasar Hausa

An haifi Hartert a Hamburg ta Jamus ranar 29 ga Oktoba, 1859. A 1885 ya shiga ayarin Eduard Flegel mai binciken kogunan Neja da Binuwai. Flegel ya tura shi tare da Staudinger su kai wa Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba kyaututtukan Sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya. Sun taso daga Loko, suka bi ta Keffi da Zariya da Kano, suka ratsa ƙasar Zamfara zuwa Sakkwato da Gwandu. Ƙarshen tafiyar ya faɗo cikin hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka ƙasar Hausa don gudun sanyi. Ya wallafa sakamakon bincikensa a mujallar Journal für Ornithologie a 1886.

Aikinsa a Tring

Bayan tafiye-tafiye a Indiya da Sumatra, a 1892 Walter Rothschild ya danƙa masa kula da tsuntsayen gidan tarihinsa da ke Tring a Ingila, inda ya zauna har 1930. A can ya rubuta Die Vögel der paläarktischen Fauna (1903–1922). Hartert ya dage a kan cewa jinsi ɗaya kan sauya launi da girma daga yanki zuwa yanki, don haka kowane reshe ya cancanci suna mai kalmomi uku. Bisa wannan tsari ya raɗa wa wani reshen gwara sunan Passer domesticus biblicus (1904), wani reshen mujiya kuma Athene noctua lilith (1913). Shi ne kuma ya tantance tsuntsayen da Angus Buchanan ya tattaro daga Kano zuwa Damagaram da Azbin a 1919–1920.

Ƙarshen Rayuwarsa

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi masa babban rashi: ɗansa tilo ya mutu a 1916 yana sojan Ingila, a yaƙi da ƙasar haihuwar mahaifinsa. A 1932 aka sayar da fatun tsuntsaye kimanin 280,000 na Tring ga gidan tarihin halittu da ke New York. Hartert ya rasu a Berlin ranar 11 ga Nuwamba, 1933.

Kammalawa

Hartert ya bar sunayen Latin. Sunayen Hausa da camfe-camfe da karin maganar da ke tattare da mujiya da gwara suna bakin makiyaya da maharba, irin na Batsari da Safana da ke gefen Dajin Rugu. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da rugage da dama a yankin, dattawan da suka san tsuntsayen kuma suna ƙarewa. Haɗa wannan sani da tsarin Hartert aiki ne da ke jiran masana Hausa.