Kurt Schwitters: ɗan Jamus da ya adana tarihin rayuwarsa cikin tarkacen kan titi

Mutanen birnin Hanova na ƙasar Jamus sun saba ganin wani dogon mutum cikin kwat da farar riga, kamar ma'aikacin banki, yana tafiya kansa a sunkuye. Da ya hangi tsohon tikitin jirgin cikin gari, ko guntun waya, ko yagaggiyar jarida, sai ya duƙa ya tsince ya zuba aljihu. Sunansa Kurt Schwitters, kuma a yau masu tarihin zane suna lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukaka fasahar liƙe-liƙe, wadda ake kira kolaj, daga kalmar Faransanci mai nufin mannawa. Mai wannan aiki yakan haɗa takarda da ƙyalle da katako da fenti a kan allo guda har su zama hoto ɗaya.

An haife shi ranar 20 ga watan Yunin 1887, kuma shi kaɗai ne ɗan iyayensa. Suna da kantin tufafin mata, daga baya suka sayar suka sayi gidajen haya, don haka bai tashi cikin talauci ba. Abin da ya dame shi tun yana yaro shi ne farfaɗiya, wadda ta fara kama shi a 1901. A 1909 ya shiga makarantar koyon zane ta Dresden, inda ya koyi zana fuska da itatuwa da duwatsu yadda kowane ɗalibi ke koyo, ba tare da wani ya hango abin mamaki tattare da shi ba. Ya auri Helma Fischer, ƴar'uwarsa, a 1915. Ɗansu na fari, Gerd, ya rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa a 1916. Na biyu, Ernst, an haife shi a watan Nuwamban 1918, daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare.

Rashin lafiya ta hana a tura shi fagen daga. Ƙarshen yaƙin ya riske shi yana zanen injuna a wata masana'antar ƙarfe kusa da Hanova. Jamus ta sha kashi, sarki ya sauka daga mulki, kuɗin ƙasar ya fara lalacewa. Daga baya ya bayyana cewa a ganinsa komai ya riga ya farfashe, saboda haka sabon abu ba zai fito ba sai daga gutsattsarin da suka rage. A ƙarshen 1918 ya fara liƙa takardu. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, domin Pablo Picasso da Georges Braque sun riga shi tun 1912 a Faransa. Amma su sun ɗauke ta a matsayin wani ɓangare na aikin fenti, shi kuwa ya miƙa mata sauran rayuwarsa.

A 1919 ya yanko wata talla ta bankin Commerz und Privatbank ya manna a wani aiki, sai haruffa huɗu kawai suka rage a fili: MERZ. Kalmar ba ta da ma'ana a Jamusanci, shi ya sa ta yi masa daɗi. Ya raɗa wa hotunansa wannan suna, ya raɗa wa mujallar da ya buga daga 1923 zuwa 1932, har shi kansa yakan sa hannu da shi. A wannan shekarar ta 1919 ne gidan nunin Der Sturm na Berlin ya fara baje kolin ayyukan, kuma waƙarsa mai suna An Anna Blume ta sa sunansa ya zagaya Jamus, wasu na yabo, wasu na cewa mutumin ya taɓu.

Yadda yake aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Yakan wanke abin da ya tsinto, ya shanya, ya ware su bisa launi. In ya zauna aiki, sai ya dinga jera su a kan kwali yana gusar da wannan, yana juya wancan, har sai idonsa ya gamsu, kana ya shafa gam. In abin mai nauyi ne, kamar guntun katako ko ƙafar keken jariri, ƙusa yake bugawa. Daga nan ya bi da fenti don ya haɗa kan launukan. Shi dai ya dage cewa tikiti da ya shiga hoto ya daina zama tikiti, ya koma launi da siffa kawai. Wannan magana tasa ba ta cika gaskiya ba, kuma nan ne daɗin aikin yake. Wanda ya matso kusa zai karanta sunan tashar da ya sauka, da tambarin gidan waya na wasiƙar da aka aiko masa, da takardar alewar da ya sha, wani lokaci har da sunansa da adireshinsa a jikin ambulan. Mutumin da bai bar wa duniya cikakken littafin tarihin kansa ba ya bar dubban ƙananan takardu da ke nuna inda ya kwana, da abin da ya saya, da wanda ya tuna da shi. Yayin da yake zaɓar abin da zai manna da abin da zai rufe da wata takarda, yana zaɓar abin da zai tuna ne da abin da zai binne.

Ƴan ƙungiyar Dada ta Berlin, masu zafin siyasa, ba su karɓe shi hannu biyu ba. Richard Huelsenbeck, ɗaya daga cikin jagororinsu, yana masa kallon ɗan masu gidajen haya wanda bai san zafin titi ba. Duk da haka ya ƙulla abota da Raoul Hausmann da Hannah Höch da Hans Arp da Theo van Doesburg. Abinci kuwa ba daga tarkace yake fitowa ba. A 1924 ya buɗe kamfanin talla, ya yi wa masu tawadar Pelikan aiki, kuma daga 1929 hukumar birnin Hanova ta ba shi kwangilar tsara takardunta na aiki.

Babban aikinsa yana cikin gidan iyayensa, lamba 5 a titin Waldhausen. Wajen 1923 ya kafa wani ginshiƙi a ɗakin aikinsa yana manna masa abubuwa. Ginshiƙin ya yi ta girma, ya haɗu da wasu, ya mamaye bango da rufi, ya tsallaka wasu ɗakunan. Wannan shi ne Merzbau, wato ginin Merz. A cikinsa akwai ƙananan koguna, kowane da wanda aka keɓe wa. Abokinsa Hans Richter ya ba da labarin cewa an yanki gashin kansa an ajiye a nasa kogon. Na wani kuma guntun fensir ne, na wani igiyar takalmi. A saman ginshiƙin farko akwai siffar kan jariri, wadda masu nazarin aikinsa ke cewa daga fuskar marigayi Gerd aka ɗauko ta. Da shekaru suka tafi, sai ya dinga rufe tsofaffin kogunan da farin katako da filasta, abubuwan na nan a ciki amma ido ba ya ganinsu. Da wuya a sami wani aikin fasaha da ya kwaikwayi yadda zuciyar ɗan Adam ke ajiye abu kamar wannan. Abin da ya rage mana daga ɗakin shi ne hotuna kaɗan, mafi shahara cikinsu guda uku da aka ɗauka a 1933.

A shekarar ce Hitler ya hau mulki. Kwangilar hukumar birni ta ƙare a 1934, aka kama wasu abokansa, kuma ƴan sandan ciki na Gestapo suka fara nemansa. Ranar 2 ga Janairun 1937 ya bi ɗansa Ernst zuwa Norwe. Helma ta tsaya tana kula da gidaje da tsofaffi. A watan Yulin wannan shekara gwamnatin Nazi ta buɗe wani baje koli a Munich don tozarta abin da ta kira lalataccen zane, kuma ayyukan Schwitters na cikin waɗanda aka rataye don jama'a su yi dariya. Helma ta riƙa kai masa ziyara har 1939. Daga nan ba su sake haɗuwa ba.

A Lysaker, kusa da Oslo, ya fara gina Merzbau na biyu. Bai gama ba sojojin Jamus suka shiga Norwe a watan Afrilun 1940. Shi da Ernst da matar Ernst suka yi ta gudu zuwa arewa, har suka sami jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara, Fridtjof Nansen, wanda ya sauke su a Sikotlan a watan Yuni. Wanda ya tsere wa Hitler sai ga shi a hannun Birtaniya a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, tunda fasfonsa na Jamus ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jami'in shige da fice yana ƙoƙarin bayyana cewa shi ba abin da takardarsa ta ce ba ne, zai gane wannan hali.

An tsare shi a sansanin Hutchinson da ke tsibirin Man daga Yulin 1940 zuwa Nuwamban 1941. Sansanin cike yake da malaman jami'a da mawaƙa da masu zane ƴan gudun hijira. Kayan aiki babu, sai ya ɓamɓare ledar daɓen ɗaki yana zane a kai, ya kuma dinga tara ragowar kunun hatsi na karin kumallo yana gina siffofi da shi, har suka yi funfuna suka dami maƙwabta da wari. Yana zana fuskokin ƴan'uwansa fursunoni suna biyansa. A gaban jama'a shi ne mai ban dariya da ke rera Ursonate, doguwar waƙarsa ta sautuka zalla marar kalmomi, amma wasiƙunsa zuwa ga Helma sun nuna mutum ne da kaɗaici ya ci ƙarfinsa, kuma farfaɗiyar ta dawo masa. Ya fito da ayyuka sama da 200.

Landan ba ta san shi ba. A watan Oktoban 1943 bama-baman jiragen ƙawance suka rusa gidan titin Waldhausen, aikin da ya fara shekaru ashirin da suka wuce ya tafi a dare ɗaya. A 1944 shanyewar jiki ta same shi, Helma kuma ta rasu sakamakon cutar daji a watan Oktoba. Baje kolin da aka shirya masa a Landan a watan Disamban shekarar, hoto ɗaya kacal aka saya. Hotunan wannan lokaci cike suke da tikitin bas na Landan da takardun alewar Ingila da yankakkun kalmomin Ingilishi, harshen da ya koma yin rubutu da shi.

A 1945 ya koma ƙauyen Ambleside a arewa maso yammacin Ingila tare da Edith Thomas, matar da ta kula da shi har ƙarshe. Yana zana furanni da tsaunuka da fuskokin mutanen gari don ya biya haya da kuɗin magani. Yawancin maƙwabtansa sun ɗauke shi wani tsohon Bajamushe mai ɗan taɓin hankali da ke tsince-tsince a bakin tafki. Wata tsohuwar abokiyar aikinsa da ke Amurka, Käte Steinitz, takan naɗe saƙonninta cikin shafukan labarun barkwanci masu hoto, shi kuma ya yanka su ya yi mata wani ƙaramin aiki a 1947, wanda masana ke ganin ya riga salon zanen Pop da ya ɓullo bayan shekaru.

A 1947 gidan adana zanen zamani na New York ya ba shi tallafin kuɗi. Da ya tabbata babu abin da za a iya cetowa a Hanova, sai ya karɓi wani tsohon ɗakin dutse a Elterwater daga hannun mai gonar, Harry Pierce, ya fara gini na uku. Yana da shekaru 60, zuciyarsa ta raunana, ga karayar ƙafa da ya yi a 1946, ɗakin kuma ga sanyi ga danshi. Bango ɗaya kawai ya samu ya yi wa aiki, da filasta da duwatsu da guntayen ƙarfe da igiya.

Ya rasu a asibitin Kendal ranar 8 ga Janairun 1948, kwana ɗaya bayan isowar labarin cewa an amince masa ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Ginin Lysaker ya ƙone a 1951. A 1965 mai zane Richard Hamilton ya jagoranci ɗauke bangon Elterwater ɗungurungum zuwa gidan nunin Hatton na jami'ar Newcastle, inda yake har yanzu. An tono gawarsa daga Ambleside a 1970 aka mayar Hanova, kuma a gidan tarihi na Sprengel da ke birnin akwai kwaikwayon ɗakin Merzbau, wanda aka sake ginawa a farkon shekarun 1980 bisa hotunan nan uku na 1933.