Luwi Pastar da yaron da kare ya ciza

An haifi Luwi Pastar a garin Dol, cikin ƙasar Faransa, a shekarar 1822. Ubansa majemi ne. Pastar ya yi karatu mai zurfi, ya zama masanin kimiyya. Ya nuna wa duniya cewa wasu ƴan ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke lalata madara, su ne kuma ke kawo cututtuka da yawa.

A zamaninsa, wanda haukan kare ya kama ba ya tashi. Pastar ya yi shekaru yana neman rigakafi. Yakan ɗauki lakar ƙashin bayan zomon da cutar ta kashe, ya busar da ita don ƙarfin cutar ya ragu, sannan a yi allura da ita. Ya gwada a kan karnuka, suka tsira. Amma bai tabbatar da amfaninta ga ɗan Adam ba.

Ran 6 ga watan Yuli 1885, wata mata ta zo birnin Paris daga yankin Alzas da ɗanta, Jozef Maistar, mai shekara 9. Mahaukacin kare ya cije shi wuri 14, kwana biyu da suka wuce.

Hankalin Pastar ya tashi. In an bar yaron, cutar na iya kashe shi. In an yi masa allurar, ita ma tana iya cutar da shi. Ga shi kuma Pastar ba likita ba ne, ba shi da izinin yi wa mutum allura. Yara, da ku ne, me za ku yi?

Bai yanke shawara shi kaɗai ba. Ya kira likitoci biyu, suka duba raunukan, suka ga hatsarin barin yaron ya fi girma. Ɗaya daga cikinsu, likita Giranshe, shi ya yi allurar farko a daren nan. Aka yi wa Jozef allura 13 cikin kwana 11, kowace ta fi ta baya ƙarfi. Pastar ya riƙa kwana cikin fargaba.

Jozef bai kamu da cutar ba. Labari ya bazu, mutane suka riƙa zuwa har daga Rasha da Amurka. A 1888 aka buɗe babbar cibiyar bincike mai sunan Pastar a Paris. Ya rasu a 1895. Da Jozef ya girma, sai ya zama mai gadin wannan cibiya.